Awon Idon Suruki

A zamanin Turawa, shekarun da aka fara raɗe-raɗin mulkin kai, babu wanda ya kai Mijinyawa kallon cikin idon mutane a duk ƙasar Bodinga. Ba rashin kunya ba ne, aikinsa ke nan. Da wankin gyambo ya fara a asibitin sha-ka-tafi na garin, har wani likita Bature mai zagayen asibitocin ƙauye ya lura hannun mutumin nan ba ya rawa, ya sa En'e ta tura shi Kano koyon awon ido. Ya dawo da akwatin katako cike da gilasai, kowanne a gurbinsa, da ƴar tocila, da wani allon kwali mai baƙaƙen boko, manya a sama, ƙanana a ƙasa.

Allon nan ne ya fara ba shi kunya. An koya masa ya rataye shi a bango, mai ciwo ya karanta. To, wa zai karanta? Waɗanda suka iya boko samari ne, malaman haraji da na elemantare, idonsu ras. Waɗanda idonsu ya gaji kuwa dattawa ne, ba su san baƙin boko daga zanen ƙasa ba, kuma kukansu ɗaya ne: sun daina ganin rubutun Alƙur'ani.

Sai Mijinyawa ya yi dabara. Ya samo warƙar Alƙur'ani guda rubutun hannu daga tsakiyar dogayen surori, inda haddar yawancin mutane ba ta kai ba. Mai son awo ya yi alwala tukuna, ya zauna inda haske yake, a miƙa masa warƙar. Mijinyawa ya ja masa kalmomin farko don ya san inda zai kama, shi kuma ya ɗora. Inda ya fara tuntuɓe a canza gilashi, a yi ta canzawa har karatu ya miƙe. Bayan nan ya ɗaga masa haɓa, ya haska tocila, ya leƙa ciki. Randar asibitin Bodinga ta koma tana rigan ta masallaci ƙarewa.

Dabarar ta ci. Wani tela a Dingyaɗi da ya daina iya zura zare ya koma kan kekensa. Limamin wata unguwa a Dandin Mahe ya daina miƙa littafi har ƙarshen hannu. Masu amodari, waɗanda gashin ido ke soke wa ƙwaya, suka riƙa zuwa a kan jakuna ana shafa musu magani. Likita da ya dawo zagaye ya ga yadda ake yi, ya yaba, aka ƙara wa Mijinyawa matsayi, sunansa ya ɓace, kowa sai Malamin Ido. Shi ma, a faɗi gaskiya, ya ɗan ji kansa. Hakimi ma ya kama wa haɓa, wa ya rage?

Saura mutum ɗaya, surukinsa.

Malam Sodangi na Shagari alaramma ne, Alƙur'ani yake rubutawa da ka, ba ya duba wani. Waɗanda ya rubuta suna cikin gafakoki daga nan har ƙasar Kabi, kuma a lokacin yana tsakiyar wani da ya ce shi ne na ƙarshe, na gidansa, wanda zai bar wa jikoki. Ƴarsa Safinatu ita Mijinyawa ke aure. Tun ranar ɗaurin auren nan Mijinyawa bai taɓa ganin fuskar Malam sama da gemu ba. In ya je gaisuwa, tun daga bakin layi yake sauka daga keke, ya tuɓe takalma, ya durƙusa a ƙofar zaure, idonsa a kan gefen buzu. Ba ya cin abinci a gidan, ba ya kama sunansa. Malam ma bai taɓa kiransa da suna ba, sai ya ce "mutanen Bodinga", kamar ayari ne ya zo. Kowa a Shagari yana yabon wannan ladabi, ana nuna wa samari shi. Ai an ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum, su kuwa ba su ba ido wannan damar ba.

Da bazara Safinatu ta je ganin gida ta dawo ba walwala. Ta ce ta shiga ta durƙusa gaban Baba, ya dube ta bai ce komai ba, sai da ta yi magana sannan ya amsa. Ta ce Inna Laraba, mahaifiyarta, ta ja ta gefe ta nuna mata shafin da ya rubuta kwanan nan, jan wasali ya bar kan baƙi ya zauna a fili. Inna ba za ta iya gaya masa ba, ita ma ba za ta iya ba. Ta ce ga shi kuwa maganin a ɗakinsu yake kwana, cikin akwati.

Mijinyawa ya ji, abin ya dame shi. Ba don ciwon ba, ciwo ya saba da shi. Abin da ya tsaya masa shi ne haɓar nan. Ya yi ta juya abin a ransa a kan hanya, daga Bodinga har Shagari, akwati ɗaure a bayan keke, bai ga ta inda hannunsa zai bi ya kai ga gemun Malam Sodangi ba.

Ya iske Malam a zaure tare da ƙanensa Haliru, manomin albasa ne amma ya yi karatu daidai gwargwado. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Bodinga ya zafi. Mijinyawa daga bakin ƙofa ya gaya wa Haliru ya gaya wa Malam, alhali Malam na ji, cewa En'e ce ta ce a bi manyan malamai a duba lafiyar idonsu. Ƙarya ce, amma irin wadda ake yi wa manya. Malam ya gaya wa Haliru ya gaya wa mutanen Bodinga cewa shi lafiyarsa lau, amma tun da hukuma ce, to. Alwala dai yana da ita.

Mijinyawa ya fito da warƙar, ya miƙa wa Haliru da hannu biyu, Haliru ya miƙa wa yayansa. Kansa a sunkuye ya ja kalmomin farko kamar yadda ya saba. Malam ya kama. Kai, karatu! Ba tuntuɓe, ba jinkiri, ba gyaran murya, ya sauke shafin tas har ya ɗan zarce. Mijinyawa yana kallon gefen buzu yana hamdala a ransa. Mutumin da ya karanta wannan ƙaramin rubutu ba gilashi, me za a leƙa a idonsa? Ya gaya wa Haliru ya gaya wa Malam cewa alhamdu lillahi, ido garau, sai dai a rage rubutu in rana ta yi sanyi. Tocila ba ta fito daga akwati ba. Malam ya sa wa mutanen Bodinga albarka, kowa ya rabu da kowa da mutuncinsa.

A gida ya ce wa Safinatu ta kwantar da hankalinta, tsufa ne da gajiya. Ta dube shi ta ce to. Shi ne Malamin Ido, me za ta ce?

Damina ta sauka ta ɗauke, aka yi girbi, aka shiga dashen albasa a fadama. A kakar nan wani baƙo ya sauka kasuwar Kajiji, daga yamma aka ce ya fito, sana'arsa cire yanar ido da tsinken ƙarfe. Ba cirewa yake yi ba, Mijinyawa ya san aikin irinsu tun a Kano. Tsinken yake sokawa ta gefen ƙwaya ya tura farin abin ya faɗa can ciki. Nan take haske ya shigo, mutum ya ga hannunsa, ya yi kabbara. Wasu sukan tsira da ɗan gani. Da yawa kuwa, kafin mai tsinke ya kai garin gaba, idon ya kumbura ya mutu.

Malam Sodangi ya sa Haliru ya kai shi wurin mai tsinken a kan jaki, bai gaya wa kowa ba. Shi mai tsinke baƙo ne, ba ya auren ƴar kowa, ana iya buɗe masa ido a ce ba a gani. Aka yi na hagu. Malam ya dawo yana ganin baƙin tawadarsa, ya zauna ya yi rubutu kwana biyu cikin murna. Daga nan ciwo ya taso, irin wanda ke sa dattijo cizon hannun riga. Aka yi ta tofi da ɗaurin ganye, ba a aika Bodinga ba, don in an aika sai an faɗi inda aka je. Kafin ciwon ya lafa idon ya tafi.

Labari bai iso Bodinga ba sai da mai tsinke ya zagayo Shagari. Ya ce ba laifin aikinsa ba ne, Malam ne ya yi gaggawar sujada bayan ya hana shi sunkuyawa. Ya ce a kawo na dama ya gyara, wannan karon a kiyaye. Malam kuwa ya yarda. Kada a yi mamaki. Mutumin da ya ɗanɗana ganin rubutunsa bayan dogon duhu, ga Alƙur'ani a ajiye ba a kammala ba, ko me aka ce masa zai ji. Nan Inna Laraba ta ga abin ya wuce kunya, ta aika da wata mai tallan man shanu ta gaya wa Safinatu komai, har da cewa gobe da hantsi za a yi.

Safinatu ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a ƙofar ɗaki, abin da ba ta saba ba, ta ce wa mijinta, "Malam, kai kac ce garau. Guda ta mutu, gobe za a soke ta biyun. In ba ka iya duban Baba, ba ni tocilar in tahi in duba."

Maganar ta yi masa zafi. Da asuba ya ɗaure akwati.

Ya isa Shagari hantsi bai gama ɗagawa ba. Mai tsinke na zaune a gindin dogon yaro kusa da gidan, ya shimfiɗa tsummansa yana jiran a kira shi. Mijinyawa bai ko dube shi ba. Haliru ya tare shi a waje, ya riƙe masa keke, ya yi ta kame-kame, sannan ya faɗi abin da ke cikinsa. Ya ce ran nan da aka yi awo, garin miƙa warƙar ta juye a hannunsa. Fuskar da Mijinyawa ya ja wa Malam tana kallon ƙofa, Malam bayanta ya tasa a gaba, amma ya karanta ta gaban tas. Ya ce shi ya gani da idonsa.

Sai yanzu Mijinyawa ya ga abin da yaron makarantar allo ma zai gani. Ya ba alaramma bakin aya ya ce ya ɗora! Ko a cikin rijiya aka saka Malam Sodangi ai zai ɗora. Ya ce, "Baba Haliru, mi yah hana ka hwaɗi?"

Haliru ya ce, "Yayana na. Kai mi yah hana ka ɗaga kai?"

Mijinyawa ya tuɓe takalma, ya ɗauki akwati, ya yi sallama. Ya durƙusa a ƙofar zaure inda ya saba, sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ja gwiwa ya ƙetare zauren har gwiwarsa ta taɓa buzu. Nan ƙarfinsa ya ƙare. Ya buɗe akwati, ya kama tocila, amma wuya ya ƙi miƙewa. Yana ganin yatsun ƙafar Malam da kwalbar tawada da ta bushe. Ya san mai tsinke na waje, ya san abin da zai faru in ya fita bai duba ba, amma wallahi kan ya ƙi tashi.

Malam ya ji numfashin mutum kusa da shi, ya ji ƙarar murfin akwati. Sai ya kira shi.

"Mijinyawa."

Tun da aka haɗa surukuta bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba.

"Kai kana kunyata, ni ina kunyakka, ijiya guda ta tahi tsakaninmu. Saura guda. Ɗago kanka ka yi aikinka."

Ya ɗago. Ashe Malam ɗan siriri ne, da tsage a kumatu, da wani tabo a goshi. Ya kai hannu ya tallafi haɓar, gemun na da laushi kamar na kowane tsoho. Idon hagu ya shige ciki, ya yi toka-toka, babu abin nema a nan. Na dama kuwa yanar ido ta rufe shi fari fat. Ya kunna tocila ya haska, ya kawar, ya sake haskawa. Baƙin idon ya tsuke. Ya sake, ya sake tsukewa. Ya tambayi Malam ta ina haske yake, Malam ya nuna daidai, sama da ƙasa da gefe. Idon na da rai, labule ne kawai a gabansa. Haka na hagun yake da bazara, ya san haka, kuma sanin ya yi masa ciwo fiye da maganar Safinatu.

Ya gaya masa kai tsaye, ba ta bakin Haliru ba, cewa wannan ba aikin gilashi ba ne kuma ba na tsinke ba. A Kano akwai likitocin da ke fitar da yanar waje ɗungurungum su ɗinke, in Allah ya yarda zai ga rubutu. Malam ya tambaya ko za a hana shi sujada. Ya ce na ɗan lokaci, zai yi da ishara. Malam ya ce wannan shari'a ta yarda. Haliru ya fita ya sallami mai tsinke da goro, mutumin ya naɗe tsummansa ba fushi, garuruwa na gaba da yawa.

Mijinyawa ya nemi izini a wurin aiki ya raka shi da kansa, mota zuwa Gusau, jirgin ƙasa zuwa Kano. A hanyar nan kunya ta sha wuya. Ya riƙe masa hannu, ya kai shi bayan gida, suka ci tuwo a kwano ɗaya a tasha, ba wanda ya mutu. Aka yi aiki, aka naɗe kai da bandeji, aka kwance. Likitocin suka duba na hagu suka tambayi wanda ya yi wannan ɓarna, Mijinyawa ya ce wani mai tsinke ne. Suka tambaya ba mai duba ido a ƙasarsu ne, ya ce akwai.

Da suka dawo labari ya riga su. An ce Malamin Ido ya ƙwace surukinsa daga hannun mai tsinke, ya kai shi Kano an buɗe masa ido. Sunansa ya ƙara tashi, masu yanar ido suka fara zuwa Bodinga kafin su je kasuwa, daga baya ma aka ba shi duban asibitocin sha-ka-tafi na yankin duka. In an yabe shi yakan ce aikin Allah ne, mutane su ce ga tawali'u. Warƙar nan kuwa ya mayar da ita cikin gafaka. Ya sami kwali ya zana sawun kaza da tawada, mai yatsu uku, wani ya dubi sama, wani ƙasa, wani gabas, wani yamma, manya da ƙanana. Wannan ba wanda ya haddace shi. Kuma ko wa ya zo, tocila ce farko.

Da idon ya warke sarai ya je Shagari auna tabarau. A tsakar gida aka yi, inda haske yake, Haliru na riƙe da kwalin a jikin bango, Inna Laraba da Safinatu na leƙe daga ɗaki. Alaramma guda, wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka, aka zaunar ana tambayarsa ina kaza ta nufa. Malam ya ce duniya ke nan. Mijinyawa ya ɗora masa firam ɗin tabarau, ya rufe hagu da tafin hannu, ya shiga saka gilasai masu kauri. Malam ya ce hazo. Aka canza, ya ce kaza ta yi gabas. Aka canza, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƴan ƙananan ƙasa, bai kuskure ba. Aka sauya gilashi aka kawo shafinsa na ƙarshe, ya dube shi, ya ga inda jan wasali ya bar baƙi, ya yi tsaki ya ce wannan sai an sake shi, a jiƙa tawada. Daga ɗaki aka ji Inna Laraba na hamdala.

Hannu yana da nasa sabo. Mijinyawa ya auna idon mutane ba iyaka, kuma kullum in an gama ɗaya sai ɗaya. Kafin ya ankara tafinsa ya koma kan idon dama, bakinsa ya ce saura na hagu. Ya ji abin da ya faɗa, ya daskare a haka, hannu a fuskar surukinsa.

Malam ya zauna cikin duhun, bai motsa ba. Can ya ce, "Wagga ba ta san sawun kaza ba. Kawo warƙan nan taka ka ja mani baƙi, yanzu ta karanta maka."

Haliru ya yi dariya har kwalin ya karkace. Mijinyawa bai yi ba. Ya janye hannunsa daga idon dama, ya gyara wa surukinsa zaman tabarau a kan hanci.